Jan Ƙyallen da Ke Kan Ƙusa

Shafi na 14

Masu cika min waya da "a ci gaba, a ci gaba", to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuto cewa ni ne mai laifi tun shafin farko, na gani. Karanta wannan tukuna.

Ga inda muka tsaya. Bencin makaranta ɗari da ashirin muka ƙera, sha ɗaya suka karye cikin sati biyu, ɗaya ya yanki wata yarinya a ƙauri. Mota ta dawo mana da su kaf. Na kankare fentin da hannuna, sai ga ƙafafun a tsattsage, an cusa garin katako da gam a tsagar an shafe. A sashena. Ni da nake shugaban kafintocin kamfanin nan shekara goma sha tara.

Bayan kwana uku, da hantsi, Manaja ta aiko a kira ni. Na ɗauki ƙafar benci ɗaya na tafi da ita.

Manaja 'yar marigayi mai kamfanin ce. Ni na ƙera gadon da aka kwantar da ita tana jaririya, shi ya sa har yau Baba take ce min. Na tarar ba ita kaɗai ba ce. Mai Fenti na zaune a gefe yana murza hularsa, tsohon da ya riga ni shiga kamfanin. Auta kuma na tsaye jikin taga. Auta ƙanina ne, ciki ɗaya, shi ne mataimakina. Ni na ɗora masa zarto a hannu tun bai san gaba da bayansa ba.

"Baba, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Suna nake so."

Na dire mata ƙafar bencin a kan tebur har biro ya faɗi.

"Wanda ya cusa gari a nan, yau zai bar gidan nan. In bai fito ba in kori layin gaba ɗaya."

"Za ka ji sunan. Amma zauna."

Na zauna a bakin kujera.

Ta ja durowa, ta fito da wani jan ƙyalle, ta shimfiɗa shi kusa da ƙafar bencin.

"Ka san wannan?"

"Tsumman goge hannu ne. A ƙusar bakin ƙofar sashe yake rataye."

"Ka taɓa ganin wani ya goge hannu da shi?"

Na sake dubansa. Ba mai, ba fenti, ba gam. A wurin da ko farar riga ba ta kai azahar.

"Kullum kake ganinsa a ƙusar?"

"Wata rana yana nan, wata rana ba ya nan. Gadin tsumma aka ɗauke ni?"

Ta dubi Mai Fenti.

"Kawu, faɗa masa."

Tsohon ya yi gyaran murya kamar mai shirin kiran salla.

"Babban Kafinta, ka yi min alkawari ba za ka jefe ni da ƙafar nan ba. Ni ba ni da gudu."

"Yi magana."

"Wannan ƙyallen, labarin sama yake ba mu."

"Wane sama?"

"Kai. Ai Hadari muke kiranka."

Na zuba masa ido.

"In ka shigo da safe aka ga ka haɗo, sai a rataya shi. Duk wanda ya gan shi ya san yau ba ranar tambaya ba ce. Mai neman awo ya yi shiru. Wanda ya yanka katako ba daidai ba ya tura shi ƙarƙashin tebur. Mai son izinin kai matarsa asibiti ya haƙura sai gobe. In an wayi gari ƙusa ba komai, to ranar kowa ke kwaso damuwarsa ya kawo maka."

"Tun yaushe?"

"Shekara sha ɗaya."

"Sha ɗaya!"

"Tun ranar da ka farfasa ƙofar nan da guduma a gaban mai ita. Ka tuna? Aikin kwana huɗu na bawan Allah da ya ƙera ta, don kawai ya tambaye ka wane irin makulli za a sa kana cikin fushin wani abu daban."

Na tuna. Ƙofar ta karkace ne, a ganina.

"To wane munafuki ne ke ratayawa? Wa ya san abin da ke cikina tun ban buɗe baki ba?"

Mai Fenti ya sunkuyar da kai ya koma wa hularsa.

Manaja ta kai ido wajen taga.

Daga can amsar ta fito.

"Ni ne, Yaya."

Na juya a hankali. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

"Kai?"

"Ni."

"Maimaita, kunnena ya cika da ƙarar inji."

"Ni nake ratayawa, ni nake saukewa. Daga mashin ɗinka nake ganewa. In ka kashe shi a bakin get ka turo shi, ka amsa gaisuwar mai gadi, lafiya lau. In ka shigo da shi har bakin sashe, ka murɗa masa wuya sau biyu kafin ka kashe, to ja ne. In hularka ta koma ƙeya kuma, ko ruwa ba na bari a kawo maka."

Mai Fenti ya ce, "Wallahi bai taɓa kuskure ba. Da gidan rediyo sun san shi da sun ɗauke shi."

"Rufe min baki, tsoho!"

"Na rufe."

Na miƙe tsaye.

"Wato shekara sha ɗaya ina shiga ina fita, ƙattai arba'in na kallon ƙusa suna kallona, suna dariya a ciki. An mayar da ni mahaukacin unguwa, ana sa min tuta. Kuma ɗan uwana ne mai tutar."

"Ba wanda ke dariya, Yaya. Tsoro ne."

"To a ji tsoron! Tsoro ne ke miƙar da aiki. Ni maigidana da falankin katako yake dukana, ga shi na zama mutum."

Mai Fenti ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka zama. Amma mu nawa muka je gaishe shi da ya kwanta ciwo?"

Na yi kamar ban ji ba.

Manaja ta tura min ƙafar bencin.

"Baba, mu dawo kan wannan. Wa ya zaɓo katakon?"

"Ni. Da kaina na je, da kaina na ƙwanƙwasa."

"Akwai wanda ya ce maka ɗanye ne?"

Na kau da kai.

"Baba?"

"Gwani ya yi wata magana."

Gwani shi ne wanda ya fi kowa hannu a sashen bayan ni. Ba na ɓoye wannan.

"Me ya ce?"

"Ya ce wai katakon bai gama bushewa ba, a jingine shi sati uku."

"Sai ka yi me?"

"A gaban mutane ya faɗa! Ni zai koya wa katako? Ina shaƙar garin katako tun yana tsumman goyo."

"Sai ka yi me, Baba?"

Auta ne ya amsa.

"Ya ɗauki alli ya rubuta sunansa a allon masu ɓarna. Ya rubuta 'mai baki' a gaba. Sati guda sunan yana nan, mutum mai 'ya'ya a sakandare. Ranar Asabar ya tattara kayan aikinsa ya tafi."

"Shi ya ga dama."

"Daga ranar ban sake sauke ƙyallen ba, Yaya. Wata uku cur. Gwani ya tafi, aiki ya taru, kai kuma kullum a haɗe kake shigowa. Da katakon ya fara tsagewa, kowa ya gani. Mai yanka ya gani, mai haɗawa ya gani, mai gogewa ya gani. Suka zo wurina. Na dubi ƙusa, na dubi ranar da za a kai kaya."

"Sai?"

"Sai na ce a cike."

Ban san lokacin da hannuna ya damƙi ƙafar bencin ba. Mai Fenti ya ja kujerarsa baya. Manaja ko gezau.

"Kai ka ce a cike."

"Ni na ce. Ga sunan da kake nema."

"Da sunana a jikin aikin! Yarinyar mutane ta zubar da jini, an dawo min da kaya kamar sabon shiga, ina ta zagin bayin Allah kwana uku ina neman ɓarawo, kai kuma kana gefena kana taya ni nema!"

"Na yi laifi. Ban musa ba. Yarinyar nan kullum tana raina."

"Me ya hana ka zo ka same ni? Ni baƙonka ne? Nono ɗaya muka sha!"

"Na zo."

"Ƙarya kake!"

"Na zo sau biyu. Na farko a sito, na ce Yaya akwai magana kan ƙafafun nan. Ka ce in maganar Gwani ce zan maimaita, in bi shi. Na biyu a gidanka, bayan la'asar, kana wanke mashin. Ina cewa 'katakon nan' ka wurgar da bokiti."

Na tuna bokitin. Har yau a lotse yake.

"To don na wurgar da bokiti sai ka fasa? Kai ba namiji ba ne?"

Ya ɗago ya dube ni. Rabon da Auta ya dube ni ido cikin ido na manta.

"Yaya, dubi gemuna. Furfura ce. 'Ya'yana biyar. Amma har gobe in na ji ƙarar mashin ɗinka sai in ji kamar in ɓuya. Ni ma tsoronka nake ji. Na fi kowa ma, don ni na fi kowa daɗewa."

Maganar nan ta fi min duka ciwo. Da zagina ya yi da na san abin yi.

Na koma na zauna.

Manaja ta ce, "Baba, na sa an duba min aikin sashenka na shekara biyu. Ranar da ƙusa ba komai, kujera talatin kuke fitarwa, da wuya a sake ɗaya. Ranar ja, sha takwas, kuma sai an warware wasu. Mutanen ba su canza ba, injin bai canza ba. A ranar ja ba mai tambayar awo, kowa cinka yake yi."

"Wa ya ba ki ranakun?"

Kafin ta buɗe baki na gane.

Na dubi Auta.

"Har rubutawa kake yi?"

"A kalandar sito nake ɗiga ja. Don in san ranar da zan kawo maka maganar mutane."

"Kuma ka kwasa ka kawo mata."

"Ranar da motar ta dawo na kawo, da ƙyallen da kalandar. Na ce mata ni na sa a cike, ta kore ni."

"To me ya sa ba ki kore shi ba?"

"Hukuncinsa na nan, Baba, ba zai tsira ba. Amma in na kore shi, wa zai tsaya tsakaninka da mutane arba'in? Tara sun riga sun gaya min ranar da ya fita su ma sun fita."

"Ni fa? In ni na fita?"

Ta sauke idonta kan tebur.

Mai Fenti ya dubi silin.

Kun ji. Shekara goma sha tara.

"Baba, hannunka babu irinsa a garin nan, mahaifina ya faɗa, ni ma na faɗa. Kana ƙwanƙwasa katako ka san abin da ke cikinsa. Mutum ne ba ka ƙwanƙwasawa. Kuma naka fushin, kowa na ganin tasowarsa tun daga get, kai kaɗai ne ba ka gani."

"Ni kafinta ne, ba boka ba. Karatun fuska ba aikina ba ne."

"Aikin shugaba ne."

"Faɗi abin da kike son faɗa."

Ta haɗa hannuwanta.

"Na yi wa Auta maganar riƙe sashen. Kai ka koma kan benci, ka riƙa aikin gwaninta kana koya wa masu so."

"Ƙarƙashinsa."

"Ƙarƙashinsa."

"Yaushe kika yi masa maganar?"

"Shekaranjiya."

Na juya gare shi.

"Jiya kwano ɗaya muka ci abinci da kai."

"Eh, Yaya."

"Ka tura min naman gabanka."

"Eh."

"Kana tauna, kujerata na aljihunka."

"Ban karɓa ba. Na ce sai an yi magana da kai."

"Amma ba ka ce a'a ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Ba ka ce a'a ba, Auta!"

"Ban ce ba."

Da mahaifiyarmu za ta rasu, hannunsa ta kamo ta sa a nawa. Ban faɗa a ofishin ba, don ba na kai uwata gaban tebur. Amma ya san abin da nake tunawa.

Na ciro makullan sito daga aljihu. Na auna su a hannu. Ban ajiye ba.

"Ba na sauka don tsumma."

Manaja ta numfasa.

"To bari in ba ka hanya, don darajar gadon da ka ƙera min. Yau Alhamis. Kafin Litinin ka kawo min mutum ɗaya tak. A kamfani ko a waje, duk ɗaya ne. Mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka, wanda zai zauna a kujerar nan ya ce ya taɓa kawo maka mummunan labari kai tsaye, bai jira rana ba, bai bi ta wurin kowa ba. In ka kawo, makullai naka ne, sai mu zauna mu gyara sauran. In ba ka kawo ba, ka miƙa wa Auta da hannunka."

Na yi dariya.

"Ɗaya kawai?"

"Ɗaya."

"Sai Litinin? Yau ma zan kawo. Matata. Shekara ashirin da shida muna tare, ba abin da take ɓoye min. Gidana ko tari ba a yi ban sani ba."

Auta ya taso daga jikin taga.

"Yaya, don Allah, bari sai ka huce."

"Kar ka sake ce min Yaya a gidan nan. A nan mataimaki kake. Har Litinin."

"Ka saurare ni, minti ɗaya..."

Na fita na bugo ƙofar.

Sai da na ratsa ta sashe, don nan mashin ɗina yake. Ina shiga duk wata hira ta mutu. Mai zarto ya duƙufa, mai guduma ya duƙufa, wani ma katakon da ya gama gogewa ya koma gogewa. Na ɗaga kai na dubi ƙusar bakin ƙofa.

Ƙyallen na ofis, amma ƙusar ba ta zauna banza ba. Wani ya rataya murfin bokiti. Ja.

Ban tambayi ko wane ne ba. Na buga mashin.

A hanya ina ta lissafin abin da zan faɗa. Zan ce Maman yara, ɗauko mayafinki, mu je ki wanke min ido. Ita ce shaidata. Gidana ba hayaniya, ba ƙorafi. Yarana ba su taɓa kawo min ƙarar banza ba. Babbar 'yata, da muke kira Babba, tana makarantar koyon jinya a wani gari, shekarar ƙarshe, ko ranar Juma'a mun yi waya ta ce min daga aji ta fito. Duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai na ba shi labarinta. In ni Hadari ne, yaya aka yi gidana ya zauna lafiya haka?

Ban taɓa dawowa gida kafin azahar ba. Na shigo da mashin har tsakar gida, na kashe.

Sai da na kashe na lura na murɗa masa wuya sau biyu.

Na ɗaga labulen falo.

Maman yara ta fito daga kicin da sauri, hannunta ɗaya da kumfar sabulu. Ba wurina ta nufa ba. Jikin ƙofar da ke shiga ɗakunan yara ta nufa, inda wata ƙusa take, ƙusar da ni kaina na buga don rataya kalanda.

A ɗaya hannun nata akwai ƙyalle.

Ja.

Ta gan ni. Ta tsaya cak, hannu a sama.

"Sannu da... yau da wuri?"

"Mene ne wannan a hannunki?"

"Tsumma ne. Na goge tebur."

"Miƙo."

Ba ta miƙo ba. Daga inda nake ina ganinsa. Ba maiƙo, ba datti. Yadi ɗaya ne da na ofis, an raba shi biyu, ga bakin almakashi nan.

Wayarta ta fara ruri a hannun kujera. Ta kai hannu, na riga ta.

Sunan Auta ne a jiki.

Na danna, na kara a kunne, ban ce uffan ba.

"Matar Yaya! Maza ki rataya, ya taho, yau ya fi kullum. Kuma ki ce wa Babba ta bi ta ƙofar baya ta koma gidana yanzu-yanzu, kar ya same ta. Wata biyu mun rufa zancen barinta makaranta, kar yau ta fashe. Kina jina?"

Na sauke idona ƙasa.

A bakin ƙofar ɗakin yara akwai farin takalmi. Irin na masu jinya. Ni na saya wa Babba shi da hannuna ranar da na raka ta tasha.

"Matar Yaya? Kina jina?"

"Ina jinka, Auta."

Wayar ta mutu.

Maman yara ta jingina da bango, ƙyallen na hannunta, ta rasa ta rataya ko ta ɓoye.

Daga bayan labule wata murya ta fito a hankali, muryar da ta ce min daga aji ta fito.

"Mama, ja ne?"